Gida a Cikin Fim: Darasi Daga Shikago Zuwa Yola

Gidan da aka ɗauki fim a cikinsa yana isar da saƙo kamar yadda bakin ɗan wasa yake isarwa. Hujjar wannan maƙala ita ce finafinan Hausa sun daɗe suna amfani da gida a matsayin shaidar arziki kawai, alhali tsarin gini na iya ɗaukar babban kaso na labari, musamman labarin matasa da iyayensu.

A 1986 John Hughes ya fitar da Ferris Bueller's Day Off, fim ɗin barkwanci a kan ɗaliban sakandare uku da suka ƙi zuwa makaranta suka wuni suna yawo a Shikago. Gidan da aka nuna a matsayin gidan su Cameron, ɗaya daga cikinsu, yana Highland Park, kusa da Shikago. A. James Speyer, ɗalibin mai zanen gine-gine Mies van der Rohe, shi ya zana shi a 1953, sannan David Haid ya ƙara masa ɗakin ajiye motoci na ƙarfe da gilashi a 1974, tsaye a kan ginshiƙai a bakin kwazazzabo. Har fim ɗin ya ƙare ba a nuna fuskar mahaifin Cameron ba, amma ginin ya bayyana halinsa: ko'ina tsaf, ko'ina gilashi, kuma motar Ferrari ce ta samu wuri mafi daraja a gidan. Da motar ta fasa gilashin ta faɗa kwazazzabo, mai kallo ya gane cewa tsoron da yaron yake yi wa ubansa ne ya kai ƙarshe. A wani gidan daban wannan fage ba zai yi ma'ana ba.

Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa sun bi wata hanyar. Da kasuwa ta buɗe, sai falo ya mamaye allo: manyan kujeru, labule har ƙasa, matattakalar bene da jaruma take saukowa a kai, maigadi yana rugawa ya buɗe get. Akwai dalilai da bai kamata a raina ba. Gidan zamani da aka ara ko aka yi haya yana da janareta da katanga mai tare hayaniya, kuma magidanci mai kishin iyalinsa da wuya ya bar maza da kyamara su shiga masa tsakar gida. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu sosai a kan yadda fito da sirrin cikin gida a fim ya jawo wa masana'antar suka.

Duk da haka, an yi asara. A gidan gargajiya, zaure ne yake tantance wanda zai shiga da wanda zai tsaya. Saurayi yakan tsaya a ƙofar gida ya aiki yaro ya ce ana sallama da wance, yaron ya shiga ya faɗa da ƙarfi a gaban kowa. Ƙanne suna leƙe ta bayan katanga, uba ya taso daga sallar isha'i yana gyaran murya tun daga nesa, saurayi ya durƙusa yana gaisuwa yana laluben takalminsa. Barkwancin matasa ke nan cikakke, kuma ginin ne ya haifar da shi. Da zarar an zaunar da saurayi da budurwa a falo, duk wannan ya tafi, sai doguwar magana da waƙa.

Yola tana da abin da mai shirya fim yake bukata. Tsohon garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, da fadar Lamiɗo da unguwanni irin su Wuro Hausa, yana da zauruka da lunguna. Jimeta kuwa, a bakin Binuwai, tana da gidajen zamani a Dougirei da Karewa. Ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da na Jami'ar Amurka ta Nijeriya suna kai-komo tsakanin waɗannan tsare-tsare biyu na rayuwa. Ko yanayi ma yana da rawar takawa. A watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kuma idan aka ɗauke wuta, mai gidan gilashi sai ya kwashi iyalinsa zuwa gindin darbejiya, ya bar kujerun da ya kashe wa dukiya. Wannan fage kaɗai ya isa ya nuna tazarar da ke tsakanin burin uba da rayuwar 'ya'yansa.

Saboda haka ya kamata a zaɓi gida tun ana rubuta labari, da tambaya ɗaya: me wannan gini yake faɗa game da mai shi, kuma me yake hana yaran da ke cikinsa? Gidan zamani yana da gurbinsa idan labarin yana bukatarsa, haka ma gidan ƙasa. Marubucin da ya amsa wannan tambaya kafin a nemi aron gida zai rage wa 'yan wasansa dogon bayani, ya kuma ba matasan Adamawa fim ɗin da za su gane gidajensu a cikinsa.