Daga Better Life Zuwa Keke NAPEP: Ina Aka Kwana?

Jiya da yamma na hau keke daga Kasuwar IBB zuwa gida, sai na tambayi direban ko ya san ma'anar NAPEP ɗin da ake kiran kekensa da shi. Ya yi dariya ya ce ai sunan kamfanin da ke ƙera shi ne. Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Mai karatu, NAPEP hukuma ce ta yaƙi da talauci da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001. Ita ta riƙa raba waɗannan kekuna masu ƙafa uku ga matasa a kan bashi. Daga baya an rushe hukumar, amma sunan ya manne wa keken. Haka ya faru a Kano, inda shirin A Daidaita Sahu na zamanin Malam Ibrahim Shekarau ya bar wa keken sunansa.

Ba daga NAPEP aka fara ba. Mahaifina, wanda ya baro Maradi da ƙuruciyarsa ya kafa shago a Suleja, yakan lissafa su da yatsunsa. A 1987 Maryam Babangida ta ƙaddamar da Better Life don matan karkara. A 1989 aka buɗe People's Bank don ba talaka rance ba tare da jingina ba. Da Abacha ya zo, uwargidansa ta kawo Family Support, sannan FEAP a 1997. Jonathan ya zo da SURE-P a 2012, Buhari kuma da N-Power a 2016 da TraderMoni a 2018, wanda aka riƙa ba ƙananan 'yan kasuwa naira 10,000.

Sai a watan Agustan 2019 aka haɗa irin waɗannan ayyuka ƙarƙashin ma'aikata guda, wato Ma'aikatar Jinƙai, aka ba Sadiya Umar Farouq. A 2023 Tinubu ya ƙara mata "rage talauci" a suna, amma a Janairun 2024 ya dakatar da ministarta, Betta Edu, bisa zargin karkatar da kuɗi.

To mu a Suleja me muka gani? Garin nan shi ne Abuja na asali, ya ba da sunansa ga sabon babban birnin da aka tsara a 1976, ya koma Suleja. Yau shi ke ɗauke da leburori da masu gadi da ƙananan ma'aikata da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu. Da asuba su cika motoci ta Madalla su wuce, da dare su dawo. Hedkwatar ma'aikatar tana nan kusa da mu, amma hausawa na cewa ganin kitse ake wa rogo.

A ganina matsalar ita ce kowace gwamnati sai ta binne shirin wadda ta gabace ta, ta raɗa sabon suna. Kuɗin da aka raba an cinye su. Keken kuwa sana'a ce aka damƙa wa mutum, shi ya sa har yau yake ciyar da gidaje, ko da tsadar man fetur tun cire tallafi a 2023 ta rage ribar.

Allah Ya ba mu shugabanni masu ɗorawa daga inda aka tsaya, amin. Sai mun sake haɗuwa.