Yankari Kafin A Ce Mata Gandun Daji



Duk wanda ya je Yankari, labarin giwa yake dawowa da shi, sai hoton wanka a Wikki, ruwan nan mai ɗumi da ba ya sauyawa rani da damina. Ba laifi. Dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ga ɓauna, ga gwanki, ga dorina a kogin Gaji, ga tsuntsaye sama da iri 350.

Tarihin da aka fi ba baƙo gajere ne: an keɓe dajin a 1956, an buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun Bauchi a 2006. Kai ka ce kafin 1956 babu kowa a wurin sai namun dawa.

Alhali akwai mutane, kuma sun bar shaida. A Shau Shau har yanzu murhunan narka tama suna tsaye, gommai. Narka tama kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne: sai da masu haƙa, masu ƙona gawayi, masu zuga, da matan da ke kai musu abinci. Gari ke nan. A Dukkey akwai rijiyoyi sama da 100 da aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa, ana kuma danganta wurin da zangon fataken bayi. Sai kogunan nan 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake kyautata zaton maɓoya ce lokacin farautar bayi. Abin da ke ci mini rai, sunan Marshall suka ɗauka, Baturen da ya gano su a 1980. Waɗanda suka fasa dutsen da hannunsu ba a kira su da komai.

Mu kuma a littattafanmu, daji gidan aljanu ne ko na 'yan fashi, jaruma ta ɓata a ciki, yarima ya tsince ta. In Allah Ya kai ɗayanmu Yankari, ya roƙi ɗan rakiya ya kai shi kogunan, ya sunkuya ya leƙa ɗaya, ya ƙiyasta mutum nawa za su kwana a ciki, kuma ta yaya uwa za ta hana jariri kuka.