Daga Ramin Kuza zuwa Birnin Paris: Darasin Gumakan Nok

'Yan'uwa, kowa a Jos ya san gidan tarihi, amma ba kowa ya san mafarinsa ba.

A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani gunkin yumɓu kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka kawo wa Bature Bernard Fagg wani kan yumɓu daga Jama'a, wanda aka taɓa kafawa a gonar doya don korar tsuntsaye. Binciken da ya biyo baya ya kai ga buɗe gidan tarihin Jos a 1952, kuma a 1953 doka ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba.

Dokar ba ta hana sata ba. A shekarun 1990 aka yi ta haƙar gumakan ana sayarwa Turai. A 2000 sai ga wasunsu a gidan tarihin Louvre na Paris. A 2002 Faransa ta amince mallakin Najeriya ne, amma ta riƙe su aro na shekara 25.

Idan abin da ake iya taɓawa ya salwanta haka, ina ga waƙa, tatsuniya da zanen saƙa? Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana kasuwanci da irin wannan gado sai da izinin hukuma. Sai dai da wuya a kāre abin da ba a rubuta ba. Mu zauna da dattawanmu, mu naɗi muryoyinsu, mu rubuta sunan mai fasaha da garinsa tun suna raye.