Rini da Itace: Tarihin Launin Kayan Kiɗa Masu Tsirkiya a Kano

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi sawun wata tambaya da ta shafi tarihin sana'o'i da kuma nazarin harshe, watau me ya sa Kano, wadda ta yi suna wajen rini, ba ta ba da ƙarfi ga rina itace ba, har da wanda ake sassaƙa kayan kiɗa da shi. Za a kwatanta garaya da danginta da jita, sa'an nan a leƙa rumfunan kafintocin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni.

Ba rashin sanin launi ne ya jawo haka ba. An saba danganta marinar Ƙofar Mata da shekarar 1498, kuma Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yi dogon bayani kan cinikin rinannun tufafi da na fata. Marina suna da baba. Majema da dukawa suna samun ja daga karan dafi, ruwan ɗorawa daga saiwar rawaya ko gangamau, baƙi kuma daga kuloko. Amma duk wannan ilmi a kan zare da fata ya tsaya, sai kuwa ƙwarya. Masassaƙi yana da tasa hanyar dabam: wuta ce ke baƙanta masa akushi, ƙarfe mai zafi ke yi masa zane, mai kuma ke sa shi sheƙi.

In aka duba kayan kiɗan da Ames da King suka tattara a ƙamusunsu na 1971, dalili zai fito fili. Garaya da molo ƙoƙonsu na itace ne, gurmi da goge da kukuma na duma ne, amma dukkansu fata ake rufe fuskarsu da ita, kuma fatar ce ke amsa kaɗawar tsirkiya. Itace ko duma mazubi ne kawai, yana manne da cikin makaɗi, ido bai cika kai wa gare shi ba. Saboda haka adon ya koma hannun baduku, mai tuntu da geza da layu. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya isa hujja: da gwangwani ake yin ƙoƙonsa, bai kuwa rage masa daraja ko zaƙin murya ba.

Jita akasin haka take. Tun daga ƙirar Antonio de Torres na ƙasar Sifen (1817–1892), wadda jitar zamani ta gada, fuskarta siririn katako ne, bayanta da gefenta ma katako ne, kuma duka a bayyane suke. Ga bayan da gefen, masu ƙira sukan nemi katako mai zanen halitta, kamar mefal, wanda jijiyoyinsa ba su miƙe ba, sun yi ta lanƙwasa kamar igiyar ruwa. In aka fere irin wannan katako, wani wuri jijiyar tana kwance, wani wuri kuma bakinta ne a buɗe. Inda bakin yake a buɗe ya fi shan rini. To, sai mai aikin ya shafa rini mai duhu, ya bari ya bushe, ya goge da samfefa har launin ya saura a wuraren da suka sha da yawa kaɗai, sa'an nan ya bi da mai haske. In haske ya doki wurin, zanen sai ya riƙa walƙiya kamar shadda da ta sha bugu. A nan ne bambancin rini da fenti yake: rini shiga jiki yake yi, ya bar zanen a fili, fenti kuwa hawa yake yi ya binne shi. Katakon fuskar, wanda yawanci sifurus ne, ba ya shan rini daidai, yakan yi dabbare-dabbare, don haka akan fara toshe shi da ƙaron shalak, ko a zuba launin cikin banish. Kuma dole shafin ya zama siriri, don in ya yi kauri yakan danne amo. Salon nan mai duhu a gefe da haske a tsakiya, wanda kamfanin Gibson ya shahara da shi tun shekarun 1920, da hannu aka fara murza shi kafin a koma feshi.

Abin lura shi ne, ɗaya daga cikin dabarun Turawa na baƙanta katako ba ta da bambanci da kuloko. Su sukan jiƙa ƙarfe a ruwa mai tsami su shafa wa katako mai ɗauke da sinadarin jima, nan take ya yi baƙi. Baduku kuwa kashin maƙera yake jiƙawa, ya shafa wa fatar da aka jeme da bagaruwa. Aikin ɗaya ne. Ilmin yana nan, bukatar kai shi kan itace ce ba ta taso ba.

Sauyi ya zo da mulkin Turawa. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 tana da sashen sana'o'i, har da kafinta, kuma isowar jirgin ƙasa a 1911 ta sauƙaƙa kawo katako daga kudu. Kalmomin sun zo tare da sana'ar: kafinta, fenti, banish, samfefa, duk aro ne. Rinin masana'anta, wanda Perkin ya fara ganowa a Ingila a 1856, ya shigo da sunan galura, ya kuma samu karɓuwa wurin marina da dukawa. Ke nan kafinta bai gaji baduku ba, bai kuma gaji masassaƙi ba, daga gwangwani ya koyi launi. Ita ma jita a shirye ta zo. Ta samu gindin zama a majami'u da gidajen rawa na Sabon Gari, irin su Bala Miller kuma suka sa ta cikin waƙar Hausa a shekarun 1970 da 1980, amma ƙirarta ba ta zama sana'ar gado ba.

Wanda ya zaga Titin Kotu a Gyaɗi-Gyaɗi, ko kewayen kasuwar Tarauni, zai ga inda lamarin ya kwana. Yawancin aikin kafintoci na kayan ɗakin amare ne, kuma galibi da allunan masana'anta ake yi, waɗanda aka liƙa wa hoton zanen katako. A ganina wannan ya fi fenti illa, domin almajirin kafinta yana iya gama koyo bai taɓa ganin yadda itace na gaske ke shan launi ba. Ɗakunan haɗa waƙa na Titin Gidan Zu, da ke maƙwabtaka da unguwar, su ma fiyano da kwamfuta suka fi dogara da su. Alhali kuwa ƙasarmu tana da itatuwa masu zane. Kanya dangin baƙin katakon nan ce da ake yi wa jita allon yatsu da shi. Madobiya kuwa, mai ratsin ja da ruwan ƙasa, an yi ta sararta ana kaiwa ƙasar Sin, har yarjejeniyar CITES ta sa wa cinikinta takunkumi daga farkon 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018.

Akwai aiki a nan ga masu nazarin harshe. Hausa ta bambanta akawal da gunya da bidi da hurde a jikin doki, ta bambanta saƙi da barage a tufa, amma kalmar da za ta raba zanen madobiya da na maɗaci ba ta zama gama-gari ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da littafin sunayen tsirrai na Dalziel na 1916 sun adana sunayen itatuwan da amfaninsu. Abin da ya rage shi ne a zauna da tsofaffin masassaƙa, da 'yan katakon Na'ibawa, a naɗi yadda suke siffanta jikin itace in sun tsaga shi.