Daga rumbu zuwa shinkafar ɓera: tarihin zamanmu da ɓera da kyankyaso

In ka nemi shawarar korar ɓera a intanet, yawanci za ka faɗa kan rubutun Amurkawa, suna ta kukan wata dabba mai haƙa rami a lambu da suke kira gofa. Babu ita a Afirka kwata-kwata. Namu masu haƙar su ne gafiya da kurege, sai ɓeran gida, wanda Katsinawa da Sakkwatawa ke ce wa kusu. Akwai kuma jaba, da ake yi wa kuɗin goro da ɓera saboda kama, alhali ba danginsa ba ce. Ƙwari take ci, har da kyankyaso, don haka duk wanda ya kashe ta ya rage wa kansa ma'aikaci ne.

Ɓeran da ya fi yawa a gidajen karkara na Afirka ta Yamma shi ne wanda masana ke kira Mastomys natalensis. Macensa tana da nonuwa da kan kai 20 ko fiye, tana ɗaukar ciki kwana 23 kacal, kuma haihuwar 'ya'ya 10 ko 12 a lokaci guda ba abin mamaki ba ne a wurinta. Riƙe wannan lissafi, don shi ne zai bayyana maka kusan duk abin da ke tafe.

Tun kafin Ɗan Tunku ya kafa masarautar Kazaure wajajen 1819, manoman wannan yanki sun san abokin zamansu. Dubi yadda ake gina rumbu a ƙauyukan Roni da Gwiwa, ko can cikin rairayin Babura. Ba a dasa shi a ƙasa. Ana jera duwatsu ko gungumen itace a ɗora shi a kai, yadda iska za ta ratsa ƙarƙashi, damshi da gara ba za su kai ga hatsi ba, kyanwa da kaji kuma su samu wurin sintiri. Rufewar laka ta fi ma tsauri: jikinta sumul, ƙofarta a sama, a rufe a liƙe. Gero da dawa a dami ake ajiye su, ba a sussuke ba. Wake kuwa a cakuɗa shi da toka ko rairayi, su cike 'yan guraben da ƙwaro zai bi. Ganyen darbejiya da wasu ke zubawa ma baƙo ne, sai wajajen 1928 aka fara dasa bishiyar a lardin Borno.

Ka lura, babu wanda ya yi niyyar ƙarar da ɓera a wannan tsari. Raba shi aka yi da abinci. Da Bahaushe ya ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, gaskiyar kimiyya ya faɗa: yawan ɓera a gida yana bin yawan abinci da maɓoyar da ya samu. Kashe 20 yau ka bar buhu a buɗe, waɗanda suka rage za su samu ƙarin abinci, su cike gurbin cikin 'yan watanni.

An ga wannan ƙarara bayan farin farkon shekarun 1970. Da ruwa ya dawo, ciyawa ta zuba iri ko'ina, su kuwa mujiya da macizai da sauran masu cin ɓera ba su farfaɗo da wuri ba, don haihuwarsu ba ta kai tasa sauri ba. A 1975 da 1976 ɓeraye suka yi ambaliya a faɗin Sahel, daga Senegal har Nijar da arewacin Najeriya, suna tone iri daga shuka, suna cin amfani tun a gona. Shekarar 1975 ɗin ce kuma cutar da ƙwarin darɓa ke yaɗawa ta durƙusar da noman gyaɗa a tsohuwar Jihar Kano, wadda Kazaure da Babura ke cikinta har zuwa ƙirƙiro Jigawa a 1991. Abin ya sake faruwa a 1986 da 1987, bayan farin 1984. Saboda haka in ka ga damina mai albarka ta biyo bayan shekarun fari, to fara gyara rumbu tun kafin kaka.

Akwai wani ɓeran kuma da ba ɗan ƙasa ba ne. Baƙin ɓera, Rattus rattus, asalinsa Asiya, jiragen ruwa suka raba shi ga tashoshin duniya. Shi ne ya shigar da gwamnatin mulkin mallaka cikin harkar ɓera gadan-gadan, domin ƙumar jikinsa ce ke ɗauke da ƙwayar annobar nan da ta taɓa cinye Turai. Annobar ta ɓarke a Legas a 1924, ta yi shekaru tana dawowa. Aka baza masu kama ɓera, aka rushe unguwanni, har aka kafa hukumar tsara birnin Legas a 1928 a dalilinta. Faransawa sun riga su gwada wata dabarar a Hanoi ta Biyetnam a 1902: duk wanda ya kawo wutsiyar ɓera a biya shi. Ba a jima ba aka fara ganin ɓeraye gundul-gundul suna yawo a gari. Mutane na yanke wutsiya su saki mai ita ya je ya hayayyafa, wasu ma har kiwonsu suka shiga yi. Kai ma da kana can, da wuya ka yanka kazar da ke maka ƙwai.

Guba ta zamani daga shanu ta samo asali. A shekarun 1920 shanu a Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci wata harawa da ta yi fumfuna. A 1933 wani manomi ya kai wa masanin sinadarai Karl Paul Link na Jami'ar Wisconsin mushen saniya da gwangwanin jinin da ya ƙi daskarewa. Daga binciken nan aka fito da warfarin, aka fara amfani da shi a matsayin maganin ɓera a 1948. Sirrinsa jinkiri ne. Ɓera ba ya iya amai, shi ya sa yake da tsananin taka-tsantsan: ya ɗanɗana sabon abu kaɗan, in cikinsa ya murɗa ba zai sake kusantarsa ba. Warfarin kuwa sai bayan kwanaki yake aiki, ɓeran bai san me ya ci ba, yana ta komawa. Amma shekara 10 kacal aka yi, a 1958, aka samu ɓerayen da ba ya kashewa a wata gona a Sikotland. Sai aka ƙero masu ƙarfi irin su brodifacoum a shekarun 1970. Su kuma suna daɗewa a hantar mushen, kyanwa ko mujiyar da ta ci shi ita ma ta tafi.

Abin da ake tallatawa a kasuwanninmu da sunan shinkafar ɓera sau da yawa ba wannan ba ne. Akwai mai sinadarin zinc phosphide, wanda da ya haɗu da ruwan ciki yake sakin iskar fosfin mai kisa. In yaro ya haɗiyi irin warfarin, likita na da makari, wato bitamin K. Na fosfin ba shi da makari. Kuma ƙullin leda ba ya zuwa da takarda, ba ka san wanne ka sayo ba. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa gida mai yara da kaji ya koma ga tarko. A girka shi a jikin bango, don ɓera gefen bango yake bi, a bar shi kwana biyu da abinci ba a ɗana ba har ya saki jiki.

Kyankyaso ma da nasa tarihin, kuma sunayensa duk na aro ne. Babban jan nan mai tashi, da ke fitowa daga masai da kwata da dare, Turawa na kiransa kyankyason Amurka, amma ɗan Afirka ne, jiragen ruwa na zamanin cinikin bayi suka ƙetara da shi. Ƙaramin mai ruwan ƙasa da ke cika kicin da bayan firji, wai shi na Jamus, wani binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2024 ya nuna daga wani kyankyason Asiya ya ɓalle, kimanin shekara 2,100 da suka wuce. Shi wannan ba ya rayuwa a daji, sai a gidan mutum. Macensa na yawo da kwanson ƙwai 30 zuwa 40 a bayanta, kuma feshi ba ya ratsa kwanson nan sosai. Shi ya sa kake fesa ɗaki ka share gawarwaki, bayan mako biyu ko uku ka ga ƙanana sun cika wurin.

An yi zaton DDT, wanda Paul Müller ya gano ƙarfinsa a 1939 har ya ci kyautar Nobel a 1948, zai gama da su. Tun a shekarun 1950 kyankyaso ya fara jure masa. Da aka koma haɗa guba da sukari, sai a 1993 masana a Amurka suka ba da rahoton kyankyasan da suka daina cin sukarin gulukos. Daga baya aka gano a bakinsu ɗaci yake musu. Mu nan abin da ya yi kasuwa shi ne fiya-fiya da Sniper, masu sinadarin dichlorvos, wanda don gona aka yi shi ba don ɗakin kwana ba. Yawansa a jikin wake ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Abin da kyankyaso ba zai iya saba wa ba shi ne ƙishirwa. Yana iya makonni ba abinci, amma rashin ruwa na kashe shi da wuri. Murfi a bakin masai, gyaran famfo mai ɗiga, wanke kwanuka kafin a kwanta, liƙe tsagar bango da siminti, sun fi kwalba uku aiki. Ga mai asma a gida ma wannan ya fi, don kashin kyankyaso da saɓarsa na tayar da ciwon, feshin kuma ya ƙara.

To, sai maganar da ta mayar da ɓera daga ɓarawon hatsi zuwa abin tsoro. A Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan, Laura Wine, ta kamu da zazzaɓi a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka tafi da ita New York ta rayu. A Jami'ar Yale aka ware ƙwayar cutar, ta kama masanin da ke aikin, Jordi Casals, sai da ruwan jinin Pinneo aka ceto shi. A 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos ta kashe likita Jeanette Troup, wadda ta yanke a hannu tana binciken gawa. Ba a san inda ƙwayar ke ɓuya ba sai bayan ɓarkewar 1972 a Saliyo, inda Thomas Monath da abokan aikinsa suka same ta a jikin Mastomys, mai nonuwa 20 ɗin nan.

Shi ɓeran ba ya ciwo. Yana zuba ƙwayar a fitsari da kashi, a kan hatsin da aka shanya a ƙasa, ko tuwon da aka bari a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa nuna wata alama mai tsanani, amma cikin waɗanda suka kwanta suka tashi, kusan ɗaya cikin huɗu na samun matsalar ji. Cutar ta fi tsanani a jihohin Edo da Ondo da Bauchi da Taraba, kuma ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da gona ta bushe, an ƙone daji, ɓera ya dawo gida. Ba ta tsaya can ba: a Janairun 2020 ta kashe likitoci biyu a Kano. Shi ya sa ba a ɗaukar mushen ɓera da hannu tsirara, ba a share kashinsa a bushe ƙura ta tashi. A yayyafa ruwan bilic tukuna, a sa leda a hannu, a binne. Yara masu farautar ɓera da rani su gasa, a nan haɗarin ya fi yawa, wajen kamawa da feɗewa. (Ita gafiya kuwa ta yi suna a wani fannin: ƙungiyar APOPO a Morogoro ta Tanzaniya na horar da 'yar uwarta ta shinshino nakiyoyin da aka binne da kuma cutar tarin fuka a majina.)

Yau rumbu na ja baya. Hatsi a sussuke yake, a buhu, a sito ko ma a ƙuryar ɗakin kwana, a kan daɓen siminti, ƙarƙashin silin da ɓera ke gudu a cikinsa duk dare. Buhun nan mai ruɓi uku na PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue suka faro da takwarorinsu na arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, aka yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, har ana ƙera shi a Kano, yana kashe ƙwaron wake ba tare da magani ba, ta hanyar toshe masa iska. Amma huda ɗaya daga haƙorin ɓera ta ɓata aikin. Dole a ɗora shi a kan katako, a janye shi daga bango, a toshe duk ramin da fensir zai shiga, don ƙaramin ɓera ma zai shiga.

Baƙin ɓeran nan na jirgin ruwa kuma yanzu a mota yake tafiya. Binciken da Madougou Garba da Gauthier Dobigny da abokansu suka wallafa a 2014 kan birnin Yamai ya same shi a kasuwanni da wuraren masana'antu, inda manyan motoci ke sauke kaya, yayin da Mastomys ke riƙe da gidajen unguwanni. Hanyar Kano zuwa Daura da ta ratsa Kazaure, da wadda ta bi ta Babura zuwa iyakar Nijar, irin waɗannan motocin ne ke bin su da buhuna. In tarkonka ya kama, duba wutsiya kafin ka binne. In ta fi jikin tsawo, ga manyan kunnuwa, kuma a saman rufi kake jin motsinsa, baƙon ne. Shi gwanin hawa ne, don haka tarkonsa a kan katanga da azara ake ɗana shi, a kuma sare reshen bishiyar da ya taɓa rufin.