Kitso da Kyamara: Waiwaye Kan Rayuwar J.D. Okhai Ojeikere

Gabatarwa

Mai ɗaukar hoto iri biyu ne. Akwai wanda ake kira wajen biki ko suna, ya ɗauka a biya shi. Akwai kuma wanda ke ɗaukar abin da ba wanda ya sa shi, don kawai idonsa ya ga abin ya cancanci a adana. Na biyun shi ne mai hoton fasaha, kuma sau da yawa mutum guda ne ke ɗauke da kayan biyu, aikin kuɗi yana ciyar da aikin zuci. Wannan maƙala za ta dubi tarihin wani ɗan Nijeriya da ya rayu a haka, domin a ga irin wahalar wannan sana'a da kuma irin ladanta.

Mafarin Al'amari

An haifi Johnson Donatus Aihumekeokhai Ojeikere a shekarar 1930 a ƙauyen Ovbiomu-Emai da ke cikin Jihar Edo ta yanzu. A 1950, yana ɗan shekara 20, ya sayi wata 'yar ƙaramar kyamara ƙirar Brownie D, wani maƙwabcinsa ya nuna masa yadda ake sarrafa ta. Daga nan ya shiga rubuta wa Ma'aikatar Watsa Labarai da ke Ibadan takardar neman aiki, yana aikawa yana sake aikawa. Sai a 1954 aka ɗauke shi, a matsayin mataimaki a ɗakin wankin hoto.

Wanda bai san wannan ɗaki ba, ba zai gane nauyin aikin ba. Ɗaki ne mai duhu da warin magunguna, inda ake tsoma fim cikin ruwan magani daki-daki ana ƙidayar lokaci. Haske kaɗan in ya kutso, ko aka ƙara minti guda bisa ƙa'ida, aikin yini ya lalace, kuma ba a mayar da biki baya don a sake ɗauka. A nan Ojeikere ya koyi haƙuri da kiyaye ƙa'ida. A 1961 ya zama mai ɗaukar hoto a gidan talabijin na Jihar Yamma, wanda aka buɗe a 1959. A 1963 ya koma Legas aiki da kamfanin tallace-tallace na West Africa Publicity, kafin ya buɗe shagonsa mai suna Foto Ojeikere a 1975.

Aikin da Ba Wanda Ya Sa Shi

A 1967 ya shiga Majalisar Fasaha ta Nijeriya, abin da ya ba shi damar zagaya bukukuwan al'adu a sassan ƙasar. Shekara guda bayan haka, wato 1968, ya fara aikin da ya ɗaukaka sunansa: hotunan kitson mata. Ya lura cewa gashin kanti yana neman kore kitson gargajiya, ga shi kuwa kitso fasaha ce mai gajeren kwana. Makitsiya za ta shafe sa'o'i tana tsaga tana kamawa, bayan mako biyu ko uku a tsefe, babu abin da ya saura.

Ojeikere ya riƙa bin tituna da ofisoshi da wuraren biki, yana roƙon mata izinin ɗaukar kawunansu. Yawanci ta ƙeya yake ɗauka, a hoton baƙi da fari, bayan hoton fayau babu tarkace, ta yadda kitson zai fito kamar sassaƙa. Yakan kuma rubuta sunan kowane salo. Ɗaya daga cikin fitattun hotunansa shi ne Onile Gogoro, sunan Yarabanci mai nufin dogon bene, inda aka naɗe gashi da zare aka miƙar da shi sama kamar gine-ginen Legas. Daga ƙarshe ya tara hotunan kitso kusan dubu.

Wahalar da ke cikin irin wannan aiki ta yau da gobe ce. Fim da takarda da magani duk daga ƙetare ake shigo da su, kuma faɗuwar darajar naira daga 1986 ta ƙara musu tsada. Zuwan injunan wankin hoto mai launi a shekarun 1980 ya janye kasuwa daga masu baƙi da fari a Afirka ta Yamma. Ga zafi da laima, waɗanda ke cinye dodon hoto in ba a killace shi da kyau ba. Wanda ya jure wa waɗannan duka kan hotunan da babu mai saye a ƙofa, lalle yana da wata manufa da ta wuce kuɗin cefane.

Sakamako

Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa. A shekarar 2000, Ojeikere yana da shekara 70, Gidauniyar Cartier ta baje kolin hotunansa a birnin Faris, aka kuma buga littafin ayyukansa wanda André Magnin ya tsara. Shekara 32 ke nan da fara aikin. An nuna hotunan a bikin Documenta na Jamus a 2007, sannan a babban baje kolin Venis na Italiya a 2013. Ya rasu a Legas ranar 2 ga Fabrairu, 2014.

Kammalawa

Yabon Turai ya zo wa Ojeikere da furfura a kai, don haka ba shi ne ya riƙe shi a kan aikin ba tsawon waɗannan shekaru. Ladan da yake samu kullum shi ne ganin kitson da aka riga aka tsefe yana sake bayyana a kan farar takarda cikin ruwan magani, da sunansa a rubuce. Mu ma muna da namu, doka da shuku da zanen yawo, kuma makitsan da suka san asalinsu suna ta raguwa. Ɗalibin da ke da waya mai kyamara a aljihu ya fi Ojeikere na 1950 kayan aiki nesa ba kusa ba. Abin da ake bukata daga gare shi shi ne ya nemi izini, ya ɗauka da kyau, ya rubuta suna da gari da shekara, ya kuma adana.