Daga Furar Gayya Zuwa Dokar Ƙwadago

Tun kafin zuwan Turawa, manoman shinkafa na fadamun Argungu da Birnin Kabi suna da tasu ƙa'ida. Wanda ya kira gayya shi ke da alhakin fura da tuwo, in rana ta take kuma a koma inuwa. Mai gonar da ya yi rowa, baɗi ba mai amsa kiransa.

Dokar ƙwadago ta 1974, watau zamanin Gowon, ta ce a sashe na 13 duk wanda zai yi awa 6 ko fiye yana aiki, tilas a ba shi hutun da jimillarsa ta kai awa 1.

A ganina, 'yan'uwa ɗalibai, nan al'ada ta fi doka. Sashen ya ba lebura lokacin cin abinci, amma bai ce wa zai ciyar da shi ba.